Suna linzami: ina sunan ɗaurin goge da gurumi?



Duk wanda ya taɓa zama wurin biki ko dandalin kokowa a ƙasar Sarkin Hausa, ko Mayahi, ko Tasawa, ya san cewa kiɗan Bahaushe ba ya rasa suna. Da makaɗi ya ɗora hannu kan ganga, tun kafin ya buɗe baki, jama'a sun gane ko taken wane ne. Kalangu na mahauta ne da ƴan dambe, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta, gangar noma tana bin masu gayya, tambari da kakaki kuwa ba su barin ƙofar fada. Tun daga shekara ta 1975, lokacin da aka buɗe kokowar ƙasa a Tawa har Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, babu ɗan kokowar da ya yi suna ba tare da kirarin da ake gane shi da shi ba. Ko a wajen ƴan bori haka abin yake. Bajamushen nan Veit Erlmann, wanda ya yi bincike a ƙasar Maraɗi ya kuma wallafa shi a 1982, ya nuna cewa kowane iska da nasa kiɗan da ake kiransa da shi.

Ke nan take yana da suna, kayan kiɗa suna da suna, mai kiɗa da wanda ake yi wa kiɗa duk suna da suna. Abu guda ne ya rage a baya, shi ne ɗauri, wato jerin muryoyin da makaɗi yake zaɓa ya gina waƙarsa a kai. Mai goge yana ɗaure izga, ya gyara zaman jaki, ya ɗan gasa ƙoƙon a rana ko kusa da wuta har fata ta ɗame, sa'an nan yatsunsa su faɗa wuraren da kunne ya saba. In ya kauce ko da kaurin gashi ne, tsofaffin wurin za su ce kiɗan bai zauna ba. Amma babu wata kalma da aka yi tarayya a kanta, wadda na Tasawa zai faɗa na Katsina ya ce ya gane jerin da ake nufi. Abin da aka saba shi ne a ce: a kama a karin waƙa kaza, ko irin ɗaurin wane. Muddin wane yana da rai, maganar ta wadatar. Ran da ya kwanta dama kuwa, ma'aunin ya bi shi kushewa.

Domin a gane girman al'amarin, sai a kwatanta jerin muryoyi da tsani. In namiji ya ɗauko waƙa, mace ta amsa ta da siririyar murya, waƙar ɗaya ce, amma tsakanin muryoyin biyu akwai nisa. Wannan nisa a kira shi zango. Cikin zango ɗaya kowace al'umma tana kafa matakanta yanda kunnenta ya so. Turawa sun raba zangon gida 12 daidai wa daida, kuma a kan wannan rabo aka ƙera piyano da gita. A 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya yaɗa wani ma'auni mai suna senti: zango ɗaya senti 1200 ne, kowane gida na piyano senti 100. Da ya auna kayan kiɗan Larabawa da na Indiya da na Jaba da wasu ƙasashe, sai ya tabbatar da cewa tsanin waƙa ba guda ba ne a duniya, kuma babu wanda Allah ya saukar daga sama. Kowane tsani aikin mutane ne.

Da yawa daga cikin waƙoƙin ƙasar Hausa a kan tsani mai mataki 5 suke tafiya. Baƙaƙen maɓallan piyano su ma mataki 5 ne: tazara 3 masu senti 200, da tazara 2 masu senti 300. Wannan ya sa wasu ke zaton abin duk ɗaya ne. Alhali kuwa in aka raba zango gida 5 daidai, kowace tazara senti 240 za ta zama, kuma tsakanin 200 da 240 akwai fili mai faɗi wanda kunnen da ya saba yake ji sarai. Goge ba shi da ƙarafan da ke tsare yatsa kamar na gita, kalangu kuma matsa tsirkiya ake yi a hammata murya ta hau ko ta sauka. Dalili shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su, kuma kayan kiɗan an yi su ne domin su bi bakin mai magana.

To, yaya sauran al'ummai suka yi da wannan matsala? Hanyoyi uku suka bi.

Ta farko ita ce a raɗa wa tsani suna irin na mutum ko na gari. Larabawa suna kiran nasu maƙamai, kuma duk mai sauraron ƙira'ar alarammomin Masar ya san Bayati da Rast da Saba da Hijaz da Nahawand. Hijaz ƙasar Makka da Madina ce, Nahawand gari ne a Iran. Habashawa suna da manyan ɗauri 4, duk masu mataki 5: Tizita, Bati, Ambasal da Ancihoye, kuma Bati da Ambasal wurare ne a lardin Wallo. A nan Afirka ta Yamma, makaɗan kora na Gambiya da Senegal da Mali, masu tsirkiya 21, suna da Silaba, wato babbar hanya, da Sauta, da Hardino, da Tomora Mesengo. Yaro mai koyon kora yana jin sunan ya san tsirkiyar da zai ɗame da wadda zai sassauta.

Ta biyu ita ce a sa lissafi cikin suna. Larabawa sun ari ƙidayar Farisa suka ce Dukah, Sikah, Jaharkah, wato na biyu, na uku, na huɗu. Mutanen kudancin Indiya sun zarce kowa a nan. Suna da iyayen tsani 72, kuma gaɓoɓi biyu na farkon kowane suna suna ɗauke da lambarsa, kusan yanda malaman zaure suke ba haruffan abjadi adadi a hisabi. Wanda ya san mabuɗin, da ya ji sunan ya san lambar, da ya san lambar ya san matakan.

Ta uku sabuwa ce, ta masu nazarin tsanin da ya kauce wa gida 12. A 1975 wani mai bincike mazaunin Amurka, Ervin Wilson, ya bayyana wani dangin tsani wanda tazararsa iri biyu ce kawai, babba da ƙarama, an shimfiɗa su cikin daidaito. Daga nan aka ɗauki al'adar kiran tsani da ƙidaya. Fararen maɓallan piyano manya 5 ne da ƙanana 2. Baƙaƙen kuwa manya 2 ne da ƙanana 3. Da yake lamba ba ta da daɗin kira, sai aka koma neman suna, nan kuma gardama ta tashi. Tsani mai manya 2 da ƙanana 5 an daɗe ana kiransa Mabila, sunan wani ƙauye na mutanen Copi a Mozambik, masu kaɗa timbila. Daga baya wasu suka ce a ware sunan siffar tsani dabam da sunan ɗaurin da ya haife ta, suka raɗa masa sunan da ke nufin kishiyar tsanin piyano. Mai karatu ya lura: an sauke sunan ƙauyen Afirka, an auna abin da mudun Turai. Haka yakan faru ga duk wanda bai raɗa wa kayansa suna da bakinsa ba.

Kowace hanya da aibinta. Suna kaɗai ba ya tsare awo. A babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, an yi ta ja-in-ja a kan raba zango gida 24, ba a kuwa daidaita ba, domin Sikah ta Masar da ta Sham da ta Turkiyya ba su zauna wuri guda ba, ko da yake sunan ɗaya ne. Lamba kaɗai ita ma ba ta isa ba. In aka ce manya 2 da ƙanana 3, ba a faɗi girman babbar ba, ba a faɗi ƙanƙantar ƙaramar ba, kuma yatsan mai goge bai yi wa kowa alkawarin tazara iri biyu rak ba. Mutumin karkara ya san wannan tun a kasuwa. Tiya suna ce da kowa ya sani, amma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, shi ya sa mai sayen hatsi da yawa yake haɗa tiya da sikeli.

Wani zai ce, kakanni sun yi kiɗa ɗaruruwan shekaru ba tare da waɗannan sunaye ba, mene ne na damuwa yanzu? Amsar ita ce, a da ɗan makaɗi yana tashi ne a gindin ubansa, yana ɗaukar masa ƙwarya, yana amshi, har ɗaurin gidansu ya zauna masa a kunne. Yau kunnen yaro a Sarkin Hausa wayar hannu ce ke renonsa. Tun da finafinan Hausa suka kafu a Kano daga 1990, piyanon lantarki irin na Yamaha ya zama uban kiɗan waƙoƙinsu. A 1997 aka fito da Auto-Tune, manhajar da ke jan muryar mawaƙi ta ajiye ta kan gida mafi kusa cikin 12 ɗin nan. Akwai kuma ƴan na'urorin ɗauri, waɗanda allurarsu ke nuna kuskure ga duk muryar da ta faɗa tsakanin gidaje. Saurayi ya kai tsohon mai gurumi ɗakin ɗaukar waƙa, na'ura ta ce tsoho ya kauce, saurayi ya gyara shi da kyakkyawar niyya. Tsohon ba shi da kalmar da zai kare kansa da ita. Da yana da ita, da sai ya ce: wannan ɗauri kaza ne, haka yake, a bar shi.

Laifin ba na na'ura ba ne. Kamfanonin da ke ƙera piyanon lantarki sun daɗe suna fitar da samfuri na musamman domin kasuwar Larabawa da Turkawa, mai maɓallan da ke sauke murya da rabin gida, wasu ma ana iya gyara kowane mataki senti bayan senti. Sun yi haka ne saboda masu saye sun zo da suna da lamba, suka ce ga abin da suke so. Wanda bai san sunan kayansa ba, ko a tasha ba ya iya cigiyarsa.

Ba a ce ba a yi komi ba. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, inda suka tara sunayen kayan kiɗa da makaɗa da iyayen gidansu da lokutan kiɗa. Ɗan ƙasa Mahaman Garba ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan kiɗan Hausawan Nijar a Strasbourg a 1992. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, akwai tsofaffin faya-fayan Muryar Sahel, a Maraɗi kuma ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Labarin Malam Maman Barka ma ishara ce. Shi ne ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002, da tallafin UNESCO, ya koyi biram wurin Bukar Tar, gwani na ƙarshe cikin Buduma. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da biram ya zama kayan ajiyar gidan tarihi. Shi kansa Barka ya rasu a 2018.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Na farko, a je wurin masu goge da gurumi da garaya da ke raye a ƙauyukan Gulbin Kaba, a ɗauki kiɗansu, a rubuta rana da gari. Na biyu, a tambaye su kalmomin da suke amfani da su in suna koya wa yaro ɗauri, a rubuta yanda suka faɗa, kada mai ilimin lakol ya gyara musu baki. Bahaushe yakan ce murya mai kauri da siririya, ya ce ta ɗame ko ta saki, kuma daga irin waɗannan kalmomi ne sunan gaskiya zai fito. Inda babu suna, makaɗan su raɗa da kansu, ko da sunan gari ne ko na gwanin da aka gada, kamar yanda Habashawa suka yi da Bati. Na uku, ɗaliban jami'a su auna matakan da senti su ajiye lambar kusa da sunan, ba tare da sun tankwara ta zuwa gidan piyano ba. In ɗaurin Tasawa ya bambanta da na Mayahi, a rubuta duka biyu. Na huɗu, gidajen rediyon karkara su riƙa faɗin sunan ɗauri kafin su saki waƙa, har ya shiga bakin jama'a.

A ƙasar Hausa jariri ba ya wuce mako guda ba a yanka masa rago an raɗa masa suna ba, domin an san wanda ba shi da suna ba a cigiyarsa in ya ɓata. Magajin gari, da mushen lakol, da sarkin makaɗa, kowa yana da abin yi a nan, kuma tsofaffin da ke riƙe da ɗaurin ba za su jira ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.