Hadarin da ke wucewa ta kanmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadarin gabas: iska ta taso da ƙura, gari ya yi duhu, ruwa ya zuba, sa'annan hadari ya yi yamma abinsa. Ba mu cika tambayar inda ya dosa ba, amma a hayin tekun Atlantika akwai masu bin sawunsa. Mafi yawan manyan guguwar da ke afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan daga irin wannan hadari suke tsirowa. Yakan taso daga wajen Sudan da Chadi, ya ratsa Sahel, ya faɗa teku ta gaɓar Senegal, ɗumin ruwa ya ciyar da shi har ya zama mahaukaciyar guguwa.

A shekarar 1984 masani William Gray na jami'ar jihar Kolorado ya fara fitar da hasashen guguwa tun kafin lokacinta, wanda ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Cikin alamomin da ya duba har da daminarmu, domin ya lura cewa a shekarun farin 1970 da 1980 manyan guguwa sun ragu. Masu hasashe na kuma auna zafin ruwan Atlantika da ƙurar Sahara mai busar da hadari. Akwai kuma El Nino, wato ɗumamar gabashin tekun Pasifik, wadda ke ƙarfafa iskar sama ta tarwatsa guguwa tun tana jaririya. Wannan El Nino ɗin yakan rage mana ruwa, kishiyarsa La Nina kuwa takan ƙara.

Shekarar 2020 ta ishe mu misali. A shekarar La Nina ce aka lissafa guguwa 30 masu suna a Atlantika, adadin da ba a taɓa gani ba, a daminar nan kuma kogin Kwara ya tumbatsa ya shiga unguwannin Yamai.

Hasashe dai yana da iyaka. Yana faɗin yawa, ba ya faɗin garin da za a afka wa. A 1992 guguwa ba ta yi yawa ba, amma guda ɗaya, Andrew, ta ragargaza kudancin Florida. Saboda haka mai hankali ba ya ɗaukarsa alkawari, ba ya kuma mai da shi duba. Awo ne da lissafi.

Abin takaici shi ne, a Yamai muke da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD masu fitar da hasashen damina kowace shekara, amma sau nawa labarin ke kai wa manomin Tasawa da harshensa kafin ya zaɓi iri? Muna ganin hakki ne a kan gidajen rediyo da sarakuna da malaman gona su isar da shi tun watan Mayu, a bayyane, tare da iyakarsa. Mutanen Miami na karanta hadarinmu su ƙarfafa rufinsu. Mu da yake wucewa ta kanmu mun fi cancantar sanin abin da yake ɗauke da shi.