Masu Zanen Kotu: Idon Jama'a a Inda Aka Hana Kyamara

A watan Agustan 2015, Jane Rosenberg ta zana Tom Brady, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, a wata kotun tarayya da ke New York. Zanen bai yi kama da kyakkyawan mutumin da masoyansa suka sani ba: fuska a murtuke, kumatu a lotse. Kafin gari ya waye intanet ta ɗauka, aka yi ta yi mata tsiya, har ta fito ta ba shi haƙuri. Matar da ta shafe shekara 30 da ɗoriya tana wannan aiki ba tare da jama'a sun san ta ba, sai ranar da hannunta ya kuskure sunanta ya zaga duniya. Wannan rashin adalci ne gare ta da ma sana'ar baki ɗaya.

Sana'ar tana da dalili. A 1935, lokacin shari'ar Bruno Hauptmann, wanda aka zarga da sace ɗan matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, masu ɗaukar hoto sun mai da kotun New Jersey tamkar kasuwa. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fito da ƙa'idar hana kyamara a 1937, kuma tun 1946 doka ta haramta ɗaukar hoto a shari'ar manyan laifuka a kotunan tarayya. Aka bar wa mai zane ƙofa.

A Ingila abin ya fi tsanani. Dokar 1925 ta hana hoto, ta hana zane a cikin kotu. Mai zane zai zauna ya ƙura wa wanda ake tuhuma ido, ya rubuta 'yan kalmomi kan hancinsa da rigarsa da yadda ya sunkuyar da kai, sannan ya fita waje ya zana abin da ya haddace. Ta wannan hanya 'yan Najeriya suka ga Sanata Ike Ekweremadu a kotun Old Bailey ta Landan a 2023. Ba don mai zane ba, da sai dai a ji labari.

Aikin kuwa ba wasa ba ne. Rosenberg takan yi sammako ta kama layi don ta sami kujera, allo a kan cinya, akwatin alli mai launi a gefe, ga tabarau mai jawo nesa kusa. Zaman gurfanar da mutum yakan ƙare cikin 'yan mintoci, ba kuma wanda zai tsaya cak don a zana shi. Lauya zai tare mata gani, wanda ake tuhuma zai juya ƙeya, edita kuma yana jira. A 2021 Ghislaine Maxwell, wadda ake yi wa shari'a, ta juyo ta ɗauki alƙalami ta fara zana Rosenberg. Ita kuma ba ta daburce ba, ta zana Maxwell tana zana ta. A Afrilun 2023 zanen Rosenberg na Donald Trump a gaban alƙali ya hau bangon mujallar The New Yorker.

Akwai masu cewa a bar kyamara ta shiga a huta. Suna da hujja, domin mai zane ɗan Adam ne, shi ke zaɓar daƙiƙar da zai kama, kuma fuskar da ya murtuke tana iya sa jama'a su yanke hukunci kafin alƙali. Amma duk wanda ya tuna shari'ar O.J. Simpson ta 1995 ya san abin da kyamara ke yi wa kotu: lauya ya koma ɗan wasan kwaikwayo, shaida ya riƙa tunanin miliyoyin da ke kallonsa. Mai zane ba ya kunna fitila, ba ya firgita yarinyar da ta zo ba da shaida, kuma idan alƙali ya ce a sakaya fuskar masu taimaka masa yanke hukunci, sai ya sakaya.

Yawancin masu zanen kotu ba ma'aikatan dindindin ba ne. Ranar da ba babbar shari'a, ba kuɗi. Adadinsu ma raguwa yake yi. Duk jaridar da ta buga zanen kotu, a Amurka ne ko a nan gida, ta rubuta sunan mai zanen a ƙasansa, ta kuma biya shi haƙƙinsa.