Baikon Lahadi Ɗaya Domin 'Yan Kwana-Kwana

'Yan'uwa cikin Kristi, ba mu manta da gobarar kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Tarauni ba, ranar Babbar Sallah ta 2025. Wutar nan ba ta tambayi addinin mai shago ba.

Mun iya zagin 'yan kwana-kwana in sun makara. To, motar da ruwanta ya ƙare fa? Kafin ta ɗebo ta dawo, wuta ta cinye layi guda.

Saboda haka muna roƙon Zumuntar Mata da matasan ikkilisiyoyin Gyadi-Gyadi da Tarauni su ware baikon Lahadi ɗaya. A haɗa kai da masu unguwa, a haƙa rijiyar burtsatse mai babban tanki inda motocin za su riƙa cikawa. In kuɗi ya ragu, a tambayi Hukumar Kashe Gobara: tiyo suke bukata ko takalma?