Ina Mai Sunan Baba A Finafinanmu?

Mai karatu, don Allah yaushe rabonka da ganin Abba ko Ummi a fim, har an nuna maka dalilin sunan? A gidan Bahaushe, in yaro ya ci sunan kakansa, uwa ba ta iya kama sunan surukinta, sai ta sakaya da Abba. Da haka zuri'a ke riƙe salsalarta. Dubi Kano: Sarki Muhammadu Sanusi ya bar gadon mulki a 1963, jikansa mai sunansa ya hau a 2014. Amma marubutanmu sun datse Amina ta koma Meenal, sunan da babu kakar da ta taɓa amsawa. Haba jama'a! In muka yar da sunayen kakanni, wa zai ci namu?