Me ya sa 'yan ƙwallon masarautar Gumel ke buƙatar ƙwararren koci?

Da zarar an idar da sallar La'asar, filayen makarantu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kan cika da matasa 'yan ƙwallo. A lokacin hutu kuma gasar unguwanni ce ke ɗaukar hankali, wani ɗan siyasa ko ɗan kasuwa ya sa kofi, a yi makonni ana fafatawa.

Hazaƙa dai akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai horarwa da ya koyi aikin. A yawancin ƙungiyoyin unguwa, koci tsohon ɗan wasa ne da ke yi don sha'awa, ba albashi, ba kwas ɗin da ya taɓa halarta, sau da yawa ma daga aljihunsa ake sayen ƙwallo.

Ina bambancin yake?

Na farko shi ne lafiyar yara. A wannan yanki da ke dab da iyakar Nijar, zafi kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, filayen kuma rairayi ne ko tsandauri. Kocin da ya samu horo ya san lokacin da ya dace a yi atisaye, da yawan hutun shan ruwa, da abin yi idan yaro ya buga kai ko ya yi targaɗe, maimakon a ce ya daure ya koma fili.

Akwai wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar FIFA ta fito da shi a 2006, mai suna 11+. Wani bincike da aka yi kan matasan 'yan wasa a Legas, aka wallafa a 2014, ya gano raunuka sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi. Tsarin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, sai dai wanda ya san yadda ake koyar da shi.

Na biyu shi ne hanyar fita. Ahmed Musa ya fara ne a wata makarantar horar da 'yan ƙwallo a Jos, ya wuce Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, sannan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010. A kowane mataki akwai masu horarwa da suka gyara shi, suka miƙa shi gaba. Haka Manu Garba ya haɗa yaran da suka ciyo wa Najeriya Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013, cikinsu har da Kelechi Iheanacho.

Kuɗin da ke bin rajista

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan aka sayar da shi kan yuro miliyan ɗaya, yuro 50,000 ke nan za a raba musu gwargwadon shekarun da ya yi a kowacce.

Amma sai ƙungiyar tana da rajista, sunan yaron kuma yana cikin kundin hukumar ƙwallo. Ƙungiyar unguwar da ba ta ajiye takardar kowa ba, ko da yaronta ya yi fice a Turai, ba ta da hujjar neman ko sisi.

Kocin da ya san doka kuma garkuwa ne daga dillalan bogi, masu karɓar kuɗin iyaye da sunan kai yaro gwaji ƙasar waje. FIFA ta haramta cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa. Sanin wannan kaɗai na iya hana uba sayar da gona ko shanun huɗa.

Wa zai biya?

A nan gizo ke saƙa. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, wadda ke ba da kwasa-kwasan horarwa, tana Legas ne. Lasisin hukumar CAF, daga matakin D zuwa A, shi ma yana cin kuɗin rajista da na mota da na masauki. Matashin da ke koyarwa kyauta a Gagarawa ba zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai ba.

Gaskiya ne takarda ba ta mayar da kowa gwani, kuma kocin unguwa ya fi baƙo sanin yaran da iyayensu. Shi ya sa mafita mafi araha ita ce a horar da waɗanda ke filin tun tuni, ba a ɗauko wasu daga nesa ba. Ƙananan hukumomin huɗu na iya haɗa kai da hukumar ƙwallon jihar a kawo kwas ɗin matakin farko Gumel, inda akwai Kwalejin Ilimi ta jiha, malaman motsa jiki na firamare da sakandare su ma su shiga.

Jigawa Golden Stars ta taɓa buga babbar gasar Najeriya, kuma irin waɗannan filaye ne ya kamata su riƙa ciyar da ita da 'yan wasa. Masu sa kofi a duk hutu na iya rage wani abu daga kuɗin kyauta su tura koci ɗaya ko biyu kwas. Kofi ana ɗaga shi rana ɗaya, kocin da ya ƙware kuwa zai yi shekaru yana yaye yara.