Kan Yaro Ba Ƙwarya Ba Ne

'Yan uwa malamai da iyalanmu, duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar makaranta da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san abin da zan faɗa. Ga ɗan firamare bisa keken yayansa, ƙafarsa ba ta kai feda ba, yana tuƙi a tsaye, ƙanwarsa na zaune a kariya. Ga ɗan kabu-kabu ɗauke da yara huɗu, ƙaraminsu a kan tanki. Ga kuma tirela ta taso daga Funtuwa za ta Sakkwato, ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da Bungudu, a kan kwaltar da yaran nan suke bi. A cikinsu duka babu mai hular kwano ko ɗaya.

Na taɓa samun wani yaro a aji biyar wanda shi ne mai fara ɗaga hannu a darasin lissafi. Mota ba ta buge shi ba. Akuya ce ta gitta, ya faɗi daga keke, kansa ya daki gefen kwalbati. Ya rayu, amma ya dawo aji ba ya iya riƙe abin da aka koya masa da safe zuwa azahar. Karayar hannu maɗori ya ɗora ta, ciwon ƙwaƙwalwa kuwa yaro yakan tafi da shi har girma.

Saboda haka nake kira ga majalisun ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu, da majalisar dokokin jiha, da su kafa dokar sanya wa yara hular kwano a kan keke da babur. Ina kuma da ja da ɓangarori biyu.

Na farko su ne masu cewa: da wanne za a ji, da 'yan bindiga ko da hula? Babu wanda ya fi malamin Zamfara sanin zafin rashin tsaro, mu da muka ga an rufe makarantu, muka ga abokan aikinmu sun bar ƙauyukansu. To amma gobara a ɗaki ba ta hana a rufe rijiyar tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma yana cin rayuka kusan miliyan 1.19 duk shekara. Yaron da ya tsira daga daji ya mutu a bakin kwalta, kukan uwarsa ɗaya ne. Masu fakewa da ƙaddara kuma, muna ganinsu suna kulle shagunansu da kwaɗo biyu kowane dare. Wanda ya san darajar buhun shinkafa ya kamata ya san darajar kan ɗansa.

Aikin hular ba boyayye ba ne. A cikinta akwai soso mai tauri wanda yake murƙushewa idan an faɗi, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa dole ta dace da girman kan yaro, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa, kuma wadda ta sha mummunan bugu sau ɗaya ta gama aiki.

Ɓangare na biyu su ne waɗanda da zarar sun ji an ce doka, sai su fara lissafin tara. Waɗannan su ne suka fi ba ni tsoro, domin mun ga aikinsu. A ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya hular kwano. Hula ta yi tsada, ta yi wuyar samu, ba a kuma zauna da mutane an kawar musu da jita-jitar asiri da tsoron ɗaukar cuta ba. Me ya biyo baya? Wasu suka kifa ƙwarya a ka, wasu bokitin fenti, har labarin ya zama abin dariya a kafofin watsa labarai na duniya. Ba a jima ba aka koma gidan jiya. Dokar tana nan a rubuce har yau, kawunan kuma suna nan a buɗe. Idan aka maimaita wannan a kan yara, sakamakon a fili yake: za a ƙwace keken ɗan talaka a hanyar makaranta, uban ya kasa biyan tara, yaron da ke tahowa daga ƙauye mai nisa ya zauna gida. Mu ne masu kiran rajista, mu za mu fara ganin gurbinsa.

Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta hular ga masu keke tun 1990. Faransa ta wajabta ta ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 a 2017, ta kuma ɗora tarar a wuyan babban da ke tare da yaron. Holan ba ta wajabta ba, amma bayan zanga-zangar iyaye kan mutuwar yara a tituna a shekarun 1970, ta ware wa keke hanyarsa daban. Darasin shi ne hula da hanya tare suke tafiya, domin babu hular da za ta tare tayar tirela.

Ga abin da nake ganin reshenmu ya kamata ya tsaya a kai. Hula ta riga tara zuwa: gwamnati da ƙananan hukumomi su sayo ta da yawa, daidai kan yara, a raba ta makarantu kyauta ko da rangwame, ta hannun kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai. A ba da zangon karatu guda na wayar da kai, da hannun hakimai da limamai da shugabannin 'yan kabu-kabu. Kada a kama yaro, kada a ƙwace kekensa, alhakin yana kan babba. A sa tudun rage gudu da alamar tsallakawa a gaban duk makarantar da ke bakin babbar hanya, jami'an ZAROTA su tsaya a wurin lokacin shiga da tashi. Kada kuma a mayar da malami ɗan sanda mai korar yara daga ƙofa. Aikinmu koyarwa ne.

Sai dai koyarwar daga kanmu za ta fara. Mu nawa ne muke hawa babur zuwa aiki da 'ya'yanmu gaba da baya, kai babu komai sai zanna bukar? Ɗalibi ya fi gaskata abin da ya gani a kan malaminsa fiye da abin da aka rubuta masa a allo. A kawo wannan batu taron reshe mai zuwa, a rubuta shi a matsayin ƙuduri, a kai wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin uku. Da na sani ƙeya ce, kuma ƙeyar nan ita ce muke neman a rufe wa yaranmu.

Allah Ya tsare mana su, Ya kai su makaranta lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.