Zaman Jiran Jirgi a Sansanin Alhazai

Kiran yakan zo ta rediyo: maniyyatan ƙananan hukumomi kaza da kaza su hallara a sansani gobe da safe. Gari na wayewa sai motocin 'yan rakiya su cika bakin ƙofa, a yi yafe-yafe, a yi koke-koke, a karɓi sautun addu'a. A auna manyan jakunkuna a tafi da su, a ce jirgi bayan Isha. Isha ta wuce, a ce sai asuba. Kafin a ankara 'yan rakiya sun koma gida sun shaida wa gari cewa Alhaji ya tashi, shi kuwa yana nan zaune a kan tabarma da jakar hannu a cinya.

A shekarun da na yi ina taimaka wa maniyyatan yankinmu, na lura rashin sanin halin da ake ciki ya fi yunwa da sauro karya mutane. Na ga dattijon da ya ƙi zuwa banɗaki tun la'asar don kada a kira sunansa ba ya nan. Na ce, "Baba, ku je ku kama ruwa, ni zan tsaya a madadinku." Ya kama hannuna ya ce, "Yaro, gonata na sayar." Na ga wata Hajiya da ta zuba maganin hawan jininta a babbar jaka saboda an ce mata da safe za ta karya kumallo a Madina, jakar kuwa tana filin jirgi, babu mai iya ciro ta. Inda babu bayani kuma, jita-jita ce ke shugabanci. Wani ya ce an ba wata jiha jirginmu, wani ya ce an saka sunayen manya a gurbin namu, nan da nan mutanen da suka fito neman gafarar Ubangiji su fara zagin juna a bakin ofis.

Alhali dalilan jinkirin galibi ba su da wuyar faɗa. Jirgi ɗaya ne ke kai sahu ya dawo ya kwashi wani, don haka idan ya makara a Jidda, ya makara wa duk sahun da ke bayansa. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya tana ware wa kowane jirgi lokacin sauka, wanda ya kuskure nasa sai ya jira a ba shi wani. Matuƙa suna da iyakar awoyin da doka ta yarda su yi aiki, idan sun cika dole su kwanta, ko da fasinjoji na zaune. Wani lokaci biza ce ba ta fito wa rabin sahun ba. A 2023 yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da manomi ko 'yar kasuwa ba za su fahimta ba idan aka yi musu bayani da Hausa.

Na taɓa aiki da wani jami'in alhazai da ya gane haka. Bayan kowace salla sai ya miƙe a gaban sahu ya ce, "Iyayena, ga abin da aka gaya mini, ga kuma abin da har yanzu ba a gaya mini ba. Yau dai babu jirgi, kowa ya kwance ɗamara ya yi barci." Wannan "yau babu jirgi" ta fi "yanzun nan za a tashi" daɗi a kunnen mai jira, domin tana ba shi izinin wanka da wanki da rintsawa. Ya raba mutanensa goma-goma, kowace ƙungiya da mai rubutu ɗaya, ya yi alkawari ba za a hau mota ba sai an ƙirga kowa. Ya rubuta sunayen masu ciwon suga da hawan jini ya kai wa ma'aikatan asibitin sansani. Da dare aka kwance ƙullin dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, aka ci tare. Jiransu bai fi na sauran gajarta ba, amma ban ji wanda ya ɗaga murya a cikinsu ba.

Akwai masu cewa kakanninmu sun yi shekaru a hanya, ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, don me za mu yi ƙorafin kwana kaɗan? Ina girmama wannan tunatarwa, amma ba na yarda a mai da ita abin toshe bakin mutane. Wancan matafiyin shi ke yanke shawarar ranar da zai tashi da inda zai yada zango. Maniyyacin yau ya miƙa kuɗinsa da fasfonsa da lokacinsa ga wasu, hakkinsa ne a gaya masa gaskiya, a ba shi ruwa da makwanci mai tsabta.

Abu ɗaya ne ba na taɓa goyon baya, wato a matsa lamba jirgi ya tashi bayan an ce ana duba lafiyarsa. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Binciken da aka yi daga baya ya nuna iskar wasu tayoyinsa ba ta cika ba, makaniki ya nemi a ƙara, ba a sami iskar da ake bukata nan kusa ba, aka ƙi yarda da jinkiri. Tayoyin suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin komawa filin. Mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Tun da na san wannan, duk lokacin da aka ce injiniyoyi na kan jirgi, nakan roƙi mutanena su zauna, komai gajiyarsu.

Ba kowane jinkiri ne rahama ba, wani sakaci ne tsagwaronsa. A 2022 maniyyata fiye da dubu ɗaya daga Najeriya sun rasa Hajji baki ɗaya saboda ba a kwashe su ba har Saudiyya ta rufe karɓar alhazai, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fito ta ba da haƙuri. Irin wannan yana bukatar a rubuta ƙorafi, a bi shi bayan an dawo, a nemi wanda ya yi laifi ya amsa.

Jiran dawowa kuwa ya fi na tafiya zafi, domin guzuri ya ƙare a tsaraba, jiki ya mutu, zuciya tana gida. Shi ya sa nake gaya wa duk mai niyya ya ware ɗan riyal da ba zai taɓa ba sai ya ga kansa cikin jirgi, ya ajiye magani da cazar waya da tufafin canji a jakar hannu, ya kuma hana mutanen gida ɗora tukunyar tarbarsa har sai ya kira su daga filin jirgin ƙasarsa.